Tarihin Keɓe Gandayen Duhu Domin Kallon Taurari

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa kafin zuwan wutar lantarki ya san cewa ba a yin tafiya domin neman taurari. Da zarar an idar da sallar lisha, muddin babu hadari ko hazo ko farin wata, mutum ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ɗaga kai, to, ga su nan birjik daga wannan gefen sama zuwa wancan. Yara sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, fatake kuwa sun san Gamzaki mai fitowa da asuba. Malaman hisabi suna lissafa taurari 28 na shekara, kowanne da kwanakinsa 13, manoma suna zuwa su tambaye su ko an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa. Wannan ilmi har waƙe shi aka yi da ajami, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi cikin 1967.

A yau kuwa akwai ƙasashen da sai mutum ya yi guzuri, ya ɗauki tanti, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci zuwa wani gandun daji, ya biya kuɗin zango, kafin ya ga abin da kakanninmu suke gani kyauta daga ƙofar ɗaki. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda aka yi har duhun dare ya zama abin da hukuma take keɓewa ta tsare, kamar yadda ake keɓe giwa da zaki. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa gandun daji, komai nisansa, ba ya iya riƙe duhunsa sai garuruwan da suke kewaye da shi sun yarda sun gyara fitilunsu. Galibin wannan tarihi a Amurka da Turai ya faru, saboda haka can za mu fi daɗewa, sai daga ƙarshe mu waiwayo Afirka.

2.0 YADDA DARE YA FARA ƘAREWA A BIRANE

Haska titunan birni da dare a matsayin aikin hukuma ya kankama ne a ƙarni na 17. Cikin 1667 Sarkin Faransa Louis na 14 ya naɗa La Reynie shugaban 'yan sandan birnin Faris, shi kuwa ya sa aka rataye fitilun kyandir a titunan birnin domin maganin ɓarayi da 'yan fashi. Cikin 1807 aka kunna fitilun iskar gas a titin Pall Mall na Landan. Thomas Edison ya kammala ƙwan lantarkinsa cikin 1879, sa'an nan cikin 1882 ya buɗe tashar ba da wuta a titin Pearl na birnin New York. Daga nan al'amari ya bazu, har ya zamana ana auna ci gaban gari da yawan fitilunsa.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu bayyana yadda fitila a ƙasa take ɓoye tauraro a sama. Fitilar da ba a yi mata murfi ba tana watsa wani kaso na haskenta sama, wani kason kuma ƙasa ta mayar da shi sama. Wannan haske yana cin karo da ƙura da tururin ruwa da ƙwayoyin iska, sai ya tarwatse ya dawo, sararin sama ya yi ja-ja ko toka-toka. Tauraro mai raunin haske sai ya nutse cikin wannan farin, kamar yadda ba a ganin hasken aci-balbal da tsakar rana. A wuri mai cikakken duhu idon mai lafiya yana iya ganin taurari kimanin 2,500 a lokaci guda. A tsakiyar babban birni kuwa ba su wuce 'yan gomomi ba. Abu na farko da yake ɓacewa shi ne farar ɗamarar nan ta taurari mai ratsa sama, wadda Larabawa suke kira Al-Majarra, Turawa kuma suke kiranta Hanyar Madara. Wannan ɓarna ita ce za mu riƙa kira gurɓatar sama da haske.

3.0 HIJIRAR MASANA TAURARI

Waɗanda suka fara jin zafin abin su ne masana ilmin taurari, domin duhu shi ne jarinsu. Ɗakin hangen taurari na Greenwich, wanda aka kafa cikin 1675 a wajen Landan, birni ya cim masa da hayaƙi da fitilu, dole aka fara kwashe kayansa zuwa Herstmonceux cikin 1948, aka gama cikin 1957. Can ma ba a zauna ba, don daga baya an ɗauke babban madubin hangen nesa na wurin aka kai shi tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, inda ya koma aiki cikin 1984.

Misalin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne na dutsen Wilson, bisa birnin Los Angeles. Cikin 1917 aka ɗora madubi mai faɗin inci 100 a kansa, kuma da shi ne Edwin Hubble ya yi binciken da ya nuna cikin 1929 cewa gungu-gungun taurari suna nisantar juna. Amma birnin da yake gindin dutsen ya yi ta bunƙasa yana dushe sama. Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya kai ga Amurka sai hukuma ta sa aka rage fitilun birnin don tsoron hari. Wani masani Bajamushe, Walter Baade, wanda ba a yarda ya shiga aikin yaƙi ba saboda ɗan ƙasar abokan gaba ne, ya sami madubin da duhun kusan shi kaɗai. A wannan yanayi ne ya iya rarrabe ɗaiɗaikun taurari a tsakiyar gungun Andiromeda, ya buga sakamakon cikin 1944, inda ya raba taurari gida biyu. Watau madubin bai sake ba, dutsen bai sake ba, fitilu kawai aka rage. Wannan ya tabbatar da cewa ɓarnar irin wadda ake iya gyarawa ce cikin dare guda.

Doka ta farko da aka sani a kan wannan batu an kafa ta ne a Flagstaff, wani ƙaramin gari a jihar Arizona, inda ɗakin hangen taurari na Lowell yake tun 1894, kuma inda Clyde Tombaugh ya gano Pluto cikin 1930. Cikin 1958 majalisar garin ta hana amfani da manyan fitilun talla masu haska sama. Garin Tucson, maƙwabcin ɗakin hange na dutsen Kitt, ya yi tasa dokar cikin 1972. Cikin 1973 Kurt Riegel ya buga maƙala a mujallar Science wadda ta jawo hankalin sauran masana ga matsalar. Har zuwa wannan lokaci dai ana ɗaukar abin kukan masana ne kurum, watau na mutane ƙalilan masu tsadaddun kayan aiki.

4.0 MASU SHA'AWA DA ZANGON TAURARI

Amma akwai wani rukuni na mutane da tarihinsu yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da na masana, su ne masu kallon taurari don sha'awa. Cikin 1926 wasu masu ƙera madubin hange da hannu, a ƙarƙashin jagorancin Russell Porter, suka kira taro a kan wani tudu kusa da Springfield a jihar Vermont, wurin da suka raɗa wa suna Stellafane. Mutane suka zo da madubansu suka kwana a fili. Wannan taro ya ɗore, kuma shi ne kakan abin da ake kira zaman taurari, watau jama'a su yada zango a wuri mai duhu a kwanakin da wata ya ɓuya, su kafa madubai, su kwana suna kallo.

Wanda ya kai wannan al'ada cikin gandayen daji shi ne John Dobson. Ya ƙirƙiro hanyar haɗa babban madubi da katako da kwali da gilashin da aka yar, ta yadda talaka zai iya mallaka. Daga ƙarshen shekarun 1960 shi da abokansa suka riƙa kafa madubai a gefen titi a San Francisco suna kiran masu wucewa su leƙa, daga baya suka riƙa loda su a mota suna kai wa gandaye irin su Yosemite da Grand Canyon. Cikin 1991 ƙungiyar masu sha'awar taurari ta Tucson ta fara zaman shekara-shekara a Grand Canyon.

A nan ya kamata mu lura da wani abu. Amurka ta kafa gandun Yellowstone cikin 1872, ta kafa hukumar kula da gandaye cikin 1916, amma abin da aka nufa a tsare shi ne duwatsu da ruwa da itatuwa da namun daji. Ba wanda ya yi tunanin sa duhu cikin lissafi, domin a lokacin babu alamar zai yi ƙaranci. Sai da mazauna birane suka fara zuwa zango suna mamakin abin da suke gani a sama, sa'an nan ma'aikatan gandu suka gane cewa suna riƙe da wata dukiya da ba ta cikin littafinsu. Yadda mutanen birni suka yi nisa da sama ya bayyana ranar 17 ga Janairu, 1994, sa'ad da girgizar ƙasa ta katse wutar Los Angeles da asuba. Shugaban ɗakin hangen taurari na Griffith, Edwin Krupp, ya ba da labarin cewa mutane sun yi ta bugo waya suna tambaya game da baƙon yanayin da suka gani a sama, alhali kuwa taurari ne da suke nan kullum.

5.0 KAFA GANDAYEN DUHU

Cikin 1988 wani masanin taurari, David Crawford, da wani likita mai sha'awar taurari, Tim Hunter, suka kafa ƙungiyar kare duhun sama ta duniya a Tucson, wadda aka fi sani da IDA, kuma ta sake suna zuwa DarkSky International cikin 2023. A wannan shekara ta 1988 ne kuma ƙasar Sifen ta yi dokar kare sararin La Palma. Jihar Michigan ta keɓe yankin tafkin Hudson domin duhunsa cikin 1993, lardin Ontario na Kanada ya keɓe Torrance Barrens cikin 1999. Ita ma hukumar gandayen Amurka ta kafa ƙaramin rukunin ma'aikata cikin 1999, a ƙarƙashin Chad Moore, suna yawo gandu-gandu da na'urar ɗaukar hoto suna auna duhun kowanne.

Ma'auni kuwa shi ne ya mayar da ƙorafi hujja. Cikin 2001 John Bortle ya fito da sikeli mai hawa 9 a mujallar Sky & Telescope: hawa na 1 shi ne duhu tsantsa, hawa na 9 tsakiyar birni. A shekarar ce kuma Pierantonio Cinzano da abokan aikinsa a Italiya da Amurka suka buga taswirar farko ta gurɓatar sama a duniya baki ɗaya, suka dogara da hotunan tauraron ɗan'adam. Har ila yau cikin 2001 IDA ta ba Flagstaff shaidar gari na farko mai kare duhu.

Gandu na farko da ya sami irin wannan shaida shi ne Natural Bridges a kudu maso gabashin jihar Utah, cikin 2007. Ƙaramin wuri ne da aka keɓe tun 1908 saboda wasu gadoji uku na dutse waɗanda ruwa ya sassaƙa, wurin zangonsa bai wuce gurbi 13 ba, kuma awon da aka yi ya sa shi a hawa na 2 na sikelin Bortle. Nisa kaɗai bai isa a ba shi shaida ba: sai da aka sake galibin fitilun ofis da na gidajen ma'aikata, aka sa masu murfi masu kallon ƙasa, aka kuma ɗauki alkawarin koya wa baƙi. Cikin 2008 gandun Cherry Springs na jihar Pennsylvania ya biyo baya. Fili ne mai eka 82 a kan tudu, tsakiyar ƙungurmin daji, kuma a filin kallonsa an hana kunna farar fitila, sai ja. Dalili shi ne ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske yana rushe wannan sabo nan take, jan haske mai rauni kuwa bai cika taɓa shi ba.

Daga nan abin ya ƙetare teku. Cikin 2009 gandun Galloway na Sikotilan da na Zselic a Hangare suka zama na farko a Turai. Cikin 2012 aka ba yankin Aoraki Mackenzie na New Zealand shaida, haka nan gandun NamibRand na Namibiya, wanda shi ne na farko a Afirka. Grand Canyon, wanda yake da fitilu wajen 5,000 a gidajen baƙi da tituna, sai cikin 2019 ya cika sharuɗɗa. Zuwa 2023 wuraren da suka sami shaida a duniya sun haura 200.

6.0 IYAKAR ABIN DA GANDU ZAI IYA

Wanda ya dubi wannan jeri zai ɗauka an ci nasara. Alƙaluman masana ba su nuna haka ba. Sabuwar taswirar da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka buga cikin 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin gurɓataccen sama, a Amurka da Turai kuwa fiye da kashi 99. Fiye da sulusin 'yan Adam ba sa iya ganin Hanyar Madara daga inda suke, cikinsu har da kashi 60 cikin ɗari na mutanen Turai da kusan kashi 80 na mutanen Amurka ta Arewa. Cikin 2023 Christopher Kyba da abokan aikinsa suka tattara rahotanni fiye da 51,000 na mutanen da suka ƙirga taurari da ido tsakanin 2011 da 2022, suka sami cewa hasken sama yana ƙaruwa da kimanin kashi 9.6 cikin ɗari kowace shekara. Bisa wannan lissafi, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100 zai riƙa gani.

Dalilai biyu ne muke ganin sun jawo haka. Na farko, haske ba ya tsayawa a kan iyaka. Ana iya yi wa gandu shinge a hana mafarauci shiga, amma daga gandun Death Valley ana hango kumbon hasken Las Vegas a gefen sama, ko da yake tsakaninsu ya fi kilomita 100. Na biyu, sababbin fitilun LED, waɗanda ƙirƙiro shuɗinsu ya sa aka ba masana uku 'yan asalin Japan lambar Nobel cikin 2014, ba su cin wuta sosai, saboda haka hukumomi da masu gidaje suka ƙara yawansu maimakon su rage kashe kuɗi. Bugu da ƙari farin haskensu yana ɗauke da shuɗi mai yawa, shi kuwa shuɗi ya fi kowane launi tarwatsewa cikin iska. Tun daga 2019 kuma an sami sabon abu, watau dubban taurarin ɗan'adam na sadarwa, irin na Starlink, waɗanda suke ratsa sama ko a gandun da ya fi kowanne nisa.

Wuraren da aka ga sauƙi su ne inda gandu da gari suka haɗa kai. A dutsen Mégantic na lardin Quebec, wanda ya sami shaida cikin 2007, an shigar da garuruwan kewaye cikin shirin, har da birnin Sherbrooke, aka sake dubban fitilu. Flagstaff kuwa, mai mutane fiye da 70,000, har yanzu ana ganin Hanyar Madara daga cikinsa, albarkacin dokokin da ya fara tun 1958 ya kuma yi ta ƙarfafawa. Ka'idojin ba su da wuya: a sa fitila inda ake bukatarta kawai, a yi mata murfi ta kalli ƙasa, kada ƙarfinta ya wuce bukata, a kashe ta idan ba kowa, a kuma zaɓi mai launin ɗorawa a kan fara fat. Ƙasar Sulobeniya ta mayar da irin waɗannan ka'idoji dokar ƙasa cikin 2007, Faransa ma ta yi nata cikin 2013 da 2018.

7.0 MATSAYIN AFIRKA

Taswirar 2016 ta ambaci ƙasashe uku da suka fi kowa tsabtar sama: Cadi, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da Madagaska, inda fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'a suke kwana ƙarƙashin duhu na asali. Kada mu yi saurin murna. Duhun Cadi ba doka ce ta tsare shi ba; kimanin mutum ɗaya cikin goma ne kawai yake samun lantarki a ƙasar. Ɗalibin da ba shi da fitilar karatu, da ungozomar da take karɓar haihuwa da tocila, suna da haƙƙin a kawo musu wuta, kuma ba daidai ba ne wani ya nemi su zauna cikin duhu domin baƙi su zo kallon taurari.

Abin da tarihin da muka kawo ya koya mana shi ne Amurka da Turai sun fara kafa fitilu barkatai, daga baya suka koma suna kashe kuɗi suna tumɓukewa. Ƙasashen da yanzu ne suke kafa fitilun titi masu aiki da hasken rana, kamar yadda muke gani a garuruwanmu, suna da damar zaɓen irin da ya dace tun farko. Fitila mai murfi ta fi haska hanya, domin ba ta ɓarnatar da haskenta a sama, ba ta kuma kashe idon direba. Muna da gandaye masu nisa da manyan birane, kamar Yankari da aka keɓe cikin 1956 aka buɗe wa jama'a cikin 1962, da gandun W na Nijar, da Zakuma na Cadi wanda aka kafa cikin 1963. Misalin NamibRand ya nuna cewa ana iya lissafa duhu cikin dukiyar irin waɗannan wurare, ko da yake a namu yankin sai an yi la'akari da hazon hunturu da kuma matsalar tsaro a wasu dazuzzuka.

8.0 KAMMALAWA

A wannan takarda mun bi tarihin duhun dare daga fitilun kyandir na Faris cikin 1667, zuwa hijirar ɗakunan hangen taurari, zuwa dokar Flagstaff ta 1958, zuwa gandun Natural Bridges cikin 2007. Mun ga cewa gandayen duhu sun yi amfani wajen nuna wa mutanen birni abin da suka rasa, amma ba su hana sama ci gaba da dushewa ba, sai a wuraren da garuruwa suka gyara fitilunsu.

Mu da muke koyarwa a kwalejojin horon malamai mun sha tambayar ɗalibanmu waɗanda suka tashi a birni su nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, sai mu tarar da yawansu sunan kawai suka sani. Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, sassan Hausa da na kimiyya su haɗa gwiwa su tattara sunayen taurari da lissafinsu daga bakin tsofaffin manoma da makiyaya da malaman hisabi tun suna raye. Na biyu, a sa fitar dare domin kallon taurari cikin aikin koyon malanta, tun da ba ya bukatar kayan aiki sai ido da fili mai duhu. Na uku, masana su nemi hukumomin tsara birane su sa ka'idar murfi da launi cikin kwangilar fitilun titi. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa, muna kuma fatan mahalarta wannan taro za su cike giɓin da muka bari.